Godiyar da Muka Kai Turai

Tun da muka dawo ban huta ba. In na zauna a majalisarmu ta gindin darbejiya a Shanono, sai a ce, "Malam Sabi'u, yaya Turai?" In na je makaranta, malamai su tare ni tun daga bakin ofis. Har mai faci ya riƙe min babur ya ce ba zai sa iska ba sai na ba shi labari. Na gaji da maimaitawa, kuma kullum tambayar ba ta wuce sanyi da dogayen gine-gine, alhali ba su ne suka tsaya min a rai ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya shafa min lafiya.

Da farko dai ku sani, ba yawon buɗe ido na je ba, rakiya na yi. Mijin yayata Hajara, wato Yaya Modu, Babarbare ne. Kakanninsa suka taso daga gabas suka zauna a Bagwai tun ba a haifi ubana ba, amma har gobe in ya ga Bafillace irina sai ya ce ga bawansa ya iso. Direban babbar mota ne, yana kai gero da masara gabas, ya dawo da wake da bandar kifi. Wata rana tayarsa ta taka abin da aka binne a hanya. Allah ya yi da sauran shan ruwa, amma ƙafar hagu ta tafi, daga saman gwiwa. Sojojin da suka kwashe shi sun ce masa harsashin igwa ne, irin wanda 'yan ta'adda ke kwasa in sun fasa bariki, su ɗaura masa waya su binne.

Shekaru ya yi a kan sanduna. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma yin salla a zaune a ƙarshen sahu, gonarsa kuma sai dai ya hango ana nomawa. Ana nan sai wata gidauniya ta zo asibiti a Kano ta zaɓi mutane kaɗan da za a kai Turai a yi musu ƙafa irin mai gwiwa, sunansa ya fito. Ba ya jin Turanci, aka yarda ya tafi da tafinta, ni kuwa Turancin nake koyarwa a firamare, sai abin ya faɗo kaina.

Ranar da za mu tashi Yaya Hajara ta ja ni bayan rumbu. Ta tuna min lokacin da wani ɗan siyasa ya ba Yaya Modu keken guragu, ya mayar da shi a ranar, don kawai an ce ya sa hular jam'iyya a ɗauki hoto. Ta ce, "Ka san halinsa, Sabi'u. In ransa ya ɓaci, ko zinare ne ajiyewa zai yi. Ni dai ka dawo min da shi a tsaye." Na ce in Allah ya yarda. Wannan alkawarin shi ne kayan da ya fi min nauyi a duk tafiyar.

Sai da muka fara zuwa Abuja neman biza. Mun sha layi a rana, aka shigar da mu gaban wata Baturiya da ke bayan gilashi kamar mai sayar da magani. Ta so ta san ko Yaya Modu yana da niyyar gudu ya ɓace a ƙasarsu in an kai shi. Na fassara masa, ya dubi sandunansa ya dube ta. Sannan ta tambaya ko ya taɓa hulɗa da abubuwan fashewa. Ya ce in gaya mata sau ɗaya, da taya. Ni kuwa na ce mata ya ce a'a, don ban ga alamar tana da wurin ajiye wasa ba.

Shi tun daga gida lissafinsa ɗaya ne: ba a zuwa wurin wanda ya yi maka alheri hannu rabbana. Ya sa aka yi masa kilishi na musamman, ya sayi zuma farar saƙa, ya nemo hula zanna mai aikin hannu, Yaya Hajara kuma ta haɗa masa turaren wuta irin nasu na Barebari. A filin jirginsu, bayan mun kwana a sama ƙafafuna sun kumbura, sai ga jami'in kwastan da kare. Karen ya nufi jakarmu kai tsaye ya cusa hanci. Yaya Modu ya ɗaga sanda zai make shi, na riƙe. Suka buɗe jakar, suka sa safar hannu, suka ɗauki kilishin da yatsa biyu kamar mushe, suka haɗa da zumar suka zuba a wata jakar leda. Jami'in ya yi min bayani cikin ladabi cewa ƙasarsu ba ta yarda wani abu mai cutarwa ya shigo mata daga waje ba. A lokacin na ɗauka tsafta ce, har na yaba.

Daga nan jirgin ƙasa ya kai mu wani ƙaramin gari da ba zan wahalar da ku da sunansa ba, don sai ka tauna harshe kafin ka faɗe shi. Wata budurwa 'yar gidauniyar, mai suna Lina, ita ta tarbe mu. Kullum tana murmushi, ko tambayar banɗaki ka yi mata. Ta sauke mu a gidan wata tsohuwa, Madam Hana, mai ba da hayar ɗakuna, wadda Yaya Modu ya raɗa wa Inna tun ranar farko. Mutuniyar kirki ce, wannan ba zan ɓoye ba. Ta gane ba ma cin naman da ba mu san yankansa ba, sai ta koma ba mu kifi da dankali da burodi mai tauri kamar tubali. Abincin ba gishiri ba yaji, da ban ɓoye ƙullin yajin ƙuli a cikin safa ba da yunwa ta gama da mu. Ga mutanen garin ba gaisuwa. Ka haɗu da mutum a ƙofa ka ce masa barka da asuba, sai ya dube ka kamar ka roƙe shi wani abu.

Kwananmu kaɗan Yaya Modu ya ce ɗakin yana ƙarnin kifi, ya ɗebi turaren wuta ya barbaɗa a kan murhun lantarki. Kafin ƙamshi ya gama zagaye ɗakin, wani abu a silin ya fasa ihu. Ba mu gama salati ba sai ga motar kashe gobara da ƙarti cikin hulunan kwano. Inna Hana ta yi dariya har da hawaye, ta ba su haƙuri. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne saurin zuwansu a kan hayaƙin da bai kai na sigari ba. Yaya Modu ya ce ranar da motarsa ta kama da wuta, sai da rana ta juya kafin wani ya zo.

Asibitin kam gani ya kori ji. Suka auna dungulmin, suka zuba masa wani farin abu suka ɗauki siffarsa, bayan 'yan kwanaki ga ƙafa. Muna zuwa kullum ana koya masa tafiya tsakanin ƙarafa biyu. A ɗakin akwai Larabawa, akwai baƙaƙe irinmu, akwai ma wani Bature matashi daga wani yaƙin na can gefensu, kowa da abin da ya rasa, ba mai jin yaren wani, sai dai a ɗaga wa juna hannu. Ranar da Yaya Modu ya saki ƙarfen ya tako shi kaɗai har inda nake, na juya baya don kar ya ga idona ya samu abin tsokana. Likita ya ja masa kunne cewa kada ya tanƙwara ta har ƙasa tukuna, sai jiki ya saba.

To, a nan ne al'adarmu ta ja mana. Yaya Modu ya ce ba zai bar ƙasar ba sai an kai shi wurin mai kyautar ya yi godiya baki da baki. Lina ta ce ba sai ya je ba, akwai kati da ake sa hannu. Ya ce shi ba a haife shi a inda ake yi wa takarda godiya ba, yaba kyauta tukwici, kuma hular nan ba kansa ya saya wa ba. Ta ce ba wanda ya taɓa neman haka, amma za ta tambaya. Washegari ta dawo da murna, wai kamfanin da ke ɗaukar nauyin gidauniyar ya ji daɗi ƙwarai, manaja da kansa zai karɓe mu, har da mai ɗaukar hoto.

A wurin karin kumallo na tambayi Inna Hana wane irin kamfani ne. Ta nuna min ta taga, wasu dogayen rumfuna a bayan gari, ta ce ai ɗanta ma a can yake aiki. Harsasan igwa suke yi, da na wasu manyan bindigogi. Ta faɗa ne kamar yadda za ka ce ɗanka yana aiki a kamfanin taliya. Ta ce shekarun baya da duniya ta ɗan lafa, saura kaɗan a rufe shi, aka sallami mijinta, shaguna suka mutu, matasa suka watse. Amma yanzu aiki ba dare ba rana, har an gyara makaranta an gina wurin iyo. Sai ta dubi ƙafar Yaya Modu, ta tashi ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Na ajiye burodin. Da Lina ta zo na tare ta a waje. Ta ce in kwantar da hankalina, kamfanin gwamnatoci kaɗai yake sayar wa, da izinin gwamnatinsu, don kare kai. Na ce to in an fasa barikin gwamnatin an kwashe fa? Ta ce wannan abin takaici ne. Na ce sai gwamnatin ta dawo ta sake saye? Ta ce ai dole ta kare jama'arta. Murmushin nan dai bai bar fuskarta ba. Na tuna yadda Turawan nan suka taru da jiragensu suka rusa Libiya, rumbunan makamai suka fashe, kayan suka biyo hamada har ƙofar gidajenmu, su kuwa suka koma gida suka ci gaba da hana kilishi shiga. Kullum da yamma a talabijin ɗin Inna Hana sai ka ga manyansu cikin kwat suna cewa sun damu matuƙa da yaƙin wuri kaza, kafin ka kurɓi shayi sun ce za a ƙara aika kaya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ban taɓa jin raini da haushi sun haɗu min a ciki irin na ranar ba.

Na so in yi shiru, don na san wanda nake tare da shi. Amma tafinta da ya ɓoye magana ya zama maci amana. A cikin mota, muna hanyar zuwa, na gaya masa komai. Na ƙara da cewa ba wanda zai iya rantsuwa cewa nasu ne ya tashi da shi, masu irin wannan sana'a suna da yawa. Ya dai ɗora hannu a kan gwiwar ƙarfen yana kallon waje, ni kuwa ina jin muryar Yaya Hajara a kunnena.

Aka shigar da mu wani zaure mai ƙyalli. A jikin bango an jera harsasan, manya da ƙanana, an goge su suna sheƙi kamar jeren ɗakin amarya. Manajan dogo ne mai fara'a, ya taho da hannu a miƙe, mai hoto yana biye da shi. Yaya Modu ya gaisa da shi, ya nemi kujera ya zauna, ya cire takalmin dama. Sai na ga ya naɗe wandonsa na hagu har sama, ya fara kwance ƙafar.

Na ce shi ke nan, ta faru. Na sunkuya na ce masa a hankali, "Yaya, don Allah don Annabi. Ka tuna Yaya Hajara. Ka tuna sahu."

Ya ce, "Rufe min baki, Ɗan Fillo. A garinku a tsaye ake yi wa babba godiya? Likita ya ce kar in tanƙwara ta."

Ya zare ta, ya jingina ta da teburin da ke ƙarƙashin jeren harsasan, da takalminta da safarta. Sannan ya dafa kafaɗata ya sauka ƙasa, ya durƙusa a kan gwiwarsa ɗaya, dungulmin yana waje, da tabon ɗinki da komai. Na ga Lina ta yi wa mai hoto alama da ido, ya sauke kyamararsa. Manajan ya rasa inda zai sa hannunsa, yana ta cewa a tashe shi, a tashe shi, ba sai an yi haka ba.

Yaya Modu bai tashi ba. Ya yi godiya irin wadda aka koya masa, mai tsawo, ba ha'inci a cikinta. Ya ce shekaru yana salla a zaune, yanzu zai tsaya. Ya ce ya taho da kilishi da zuma an karɓe a hanya, a yi haƙuri da hula. Ina fassarawa, manajan yana gyaɗa kai, fuskarsa ta yi ja. Da na ɗauka an gama, sai ya ce akwai roƙo ɗaya.

"Ka gaya masa, a tasharmu kaɗai akwai direbobi irina da ba su samu shiga cikin waɗanda aka zaɓa ba. Hanyar nan da nisa, ga wahalar biza. Tunda su suka san yawan abin da suke aikawa, sun fi kowa sanin ƙafa nawa za a nema. In za su yi lodi, su riƙa haɗowa da ƙafafun a jirgi ɗaya."

Na fassara shi kalma bayan kalma, ban rage ko wasali ba, kuma a duk aikin tafinta da na yi ba wanda ya yi min daɗin wannan. Manajan ya yi gyaran murya. Ya ce su gwamnatoci kaɗai suke sayar wa, abin da ya biyo baya ba ya hannunsu, manufofin ƙasa kuma 'yan siyasa ke tsarawa, amma za su duba shawarar. Ya tsaya riƙe da hular kamar an ba shi ajiyar jariri. Yaya Modu ya ce in ce masa ya gode. Ya ja jiki ya koma kujera, ya miƙa hannu ya ɗauko ƙafarsa, ya ɗaura abarsa a natse. Na ji daɗi ya ɗauka, na kuma ji haushin kaina da na ji daɗin, don na san da wannan jin daɗin namu suke wanke hannunsu. Shayin da aka shirya mana ba wanda ya sha, hoto kuma ba a ɗauka ba.

A mota na tambaye shi ko gatse ya yi musu. Ya ce shi da gaske yake, ya shiga lissafo min sunayen direbobin. Ya ce tunda ba dainawa za su yi ba, ai gara a rage wa mutane wahala.

Ranar da za mu taho Inna Hana ta rungume mu tana kuka, abin da ya sa Yaya Modu ya sandare kamar an kama shi da sata. A filin jirgi kuma ƙofar bincike ta yi ƙara da ya wuce, suka kewaye shi suna lalube, suna tsoron ƙarfen da su da kansu suka ɗaura masa.

Mun iso Bagwai da la'asar. Motar ta tsaya a bakin titi, ya ƙi hawa babur, ya ce da ƙafa zai shiga unguwa. Yara suka bi shi, mata suna leƙe ta katanga, Yaya Hajara ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta yi, ta toshe baki da mayafi. Ta dube ni kawai, na san na sauke kayana.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa suka taru, aka ba shi kujera. Ba wanda ya san abin da muka gano, ba mu samu sararin faɗa ba. Liman ya ɗaga hannu aka fara addu'a, aka gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Sannan ya juya kan masu kyauta, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya yi abin kirki. Ya ce bayin Allahn nan da suka yi wannan alheri, Allah ya saka musu. Aka ce amin. Ya ce ko mece ce sana'arsu, Allah ya sa mata albarka, ya buɗa musu kasuwa, ya kawo musu masu saye ta gabas da yamma, kudu da arewa. Jama'a suka ɗauka da ƙarfi, amin, amin, har da waɗanda 'yan bindiga suka kwashe wa shanu bara.

Sai na ji kujera ta motsa. Yaya Modu ya miƙe, ba sanda, ba wanda ya kama shi, ya tsaya a kan ƙafa biyu a tsakiyar mutane. Liman ya dakata da hannu a sama.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi haƙuri na katse. A roƙa musu shiriya, a roƙa musu lafiya, na yarda. Amma kasuwar nan, don Allah a janye ta."